Riƙon yara bayan saki: Me doka ta ce kan ƙaura da su daga Kamba zuwa wata jiha ko ƙetare?

A lokacin da iyakoki ke buɗe, mutumin Kamba, hedikwatar Ƙaramar Hukumar Dandi a Jihar Kebbi, yana iya karya kumallo a gidansa, ya yi Azahar a Gaya ta Jamhuriyar Nijar, ya yi La'asar a kasuwar Malanbil ta Jamhuriyar Benin, ya dawo ya kwana a ɗakinsa. Amma idan Zuru za shi, wadda ke cikin jiharsa, sai ya shafe sa'o'i masu yawa a mota.

Wannan yanayi na garin ya zama abin lura a duk lokacin da aure ya mutu aka bar yara a tsakani. Sau da yawa iyayen kan daidaita a gaban dangi ko mai unguwa ko alƙali: yara su zauna wajen uwa, uba ya ɗauki nauyin ci da sha da makaranta, su riƙa zuwa wajensa a ƙarshen mako da lokacin hutu da Sallah. Tsarin yakan tafi lafiya muddin kowa na nan a gari ɗaya.

Matsala tana tasowa ne ranar da ɗayansu zai tashi. Ma'aikacin kwastam ko na shige da fice an sauya masa wurin aiki zuwa Legas ko Maiduguri. Ɗan kasuwar shinkafa ya mayar da harkarsa Kano. Malamar asibiti ta samu gurbin karatu a Sakkwato. Bazawara ta koma gidan iyayenta a Gaya, ko ta yi sabon aure a Kandi. Tambayar ɗaya ce a duk waɗannan: wa zai tafi da yaran, kuma wanda aka bari mene ne haƙƙinsa?

Amsar tana rataye ne a kan ma'auni biyu da ba su cika haɗuwa ba. Fiƙihun Malikiyya, wanda kotunan shari'ar Musulunci na Arewa ke aiki da shi, nisan tafiya yake dubawa. Dokokin ƙasa kuwa iyakar jiha da iyakar ƙasa suke dubawa, domin a nan ne ikon kowace kotu ke tsayawa.

Riƙo na uwa, walicci na uba

A al'adar Hausawa da yawa, ana ɗauka cewa da zarar an yaye yaro, ko ya kai shekara bakwai, uba na da ikon zuwa ya ɗauke abinsa. Littattafan da alƙalai ke dogaro da su, wato Risala ta Ibn Abi Zaid Alƙairawani da Muhtasar na Shaihu Halil da Tuhfatul Hukkam ta Ibn Asim, ba haka suka tsara ba.

A mazhabar Malikiyya, riƙon yaro, wanda malamai ke kira hadana, haƙƙin uwa ne bayan saki ko rasuwar miji. Ɗa namiji yana hannunta har ya balaga, ’ya mace kuma har ta yi aure ta tare a ɗakin mijinta. Idan uwa ta rasu ko ta rasa cancanta, riƙon ba ya faɗawa hannun uba kai tsaye. Kakar yaro ta wajen uwa ce ke biye, sannan ’yar’uwar uwa, kafin a gangaro ɓangaren uba.

Akwai sharuɗɗa. Dole mai riƙo ta kasance mai hankali da amana, mai iya kula da yaro, tana zaune a wurin da yaron zai tsira, ba ta kuma ɗauke da cutar da za ta cutar da shi. Idan ta auri wanda ba muharramin yaron ba ne kuma ta tare, riƙon yakan koma ga mai biye mata, sai dai idan mai haƙƙin ya sani ya yi shiru har shekara guda ba tare da uzuri ba. Namijin da riƙo ya faɗo kansa shi ma sai ya nuna yana da macen da za ta kula da yaron a gidansa.

Uba kuwa shi ne waliyyi. Ciyarwa da tufatarwa da magani suna wuyansa ko da yaran ba sa gidansa, kuma mai riƙo ce ke karɓar kuɗin. Yana da ikon duba tarbiyyarsu, da zaɓa musu makaranta, da ɗaukar su da rana, amma kwana a wajen mai riƙo ne.

Ke nan shari'a ta riga ta raba kula da yaro gida biyu tun kafin a fara jin batun riƙon haɗin gwiwa a kotunan zamani. Rabon kuma ba zai yi aiki ba sai gidajen biyu suna kusa. Uban da ke Fatakwal ba zai iya leƙa allon ɗansa a Kamba ba. Wannan ne ya sa malamai suka ware wa tafiya hukunci na musamman.

Ma'aunin baridi shida

Malaman Malikiyya sun raba tafiya iri biyu. Akwai ta fatauci ko ziyara ko neman magani, wadda mai yin ta zai dawo. Akwai kuma ta ƙaura, wadda mutum zai tare a wani gari da niyyar zama. Ta farkon ba ta taɓa haƙƙin riƙo. Ta biyun ce ke iya sauya shi, idan nisanta ya kai baridi shida.

Baridi tsohon ma'aunin tafiya ne. Baridi ɗaya farsaki huɗu ne, farsaki ɗaya kuma mil uku, don haka baridi shida ya zama mil 72 a lissafin mutanen da. Masu mayar da shi ma'aunin yau sukan samu tsakanin kilomita 120 zuwa 135, gwargwadon tsawon da suka bai wa mil. Domin kwatantawa, nisan da ake yin sallar ƙasaru a cikinsa baridi huɗu ne. Akwai wani ra'ayi a cikin mazhabar da ya taƙaita nisan zuwa baridi biyu, amma na shidan shi ne ya shahara.

Idan uwa ce za ta ƙaura zuwa wuri mai wannan nisa, waliyyi na da ikon karɓar yaron. Ba a hana ta tafiya ba, domin ba matarsa ba ce yanzu, kuma Sashe na 41 na Kundin Tsarin Mulkin 1999 ya bai wa kowane ɗan ƙasa ’yancin zama a inda ya ga dama a Najeriya. Abin da ake magana a kai shi ne tafiya da yaron. Idan nisan bai kai haka ba, riƙonta na nan daram, ko da uba bai so ba.

Idan kuma uba ne zai ƙaura, hukuncin da ke cikin littattafan shi ne yana iya tafiya da ɗansa, sai dai idan uwar ta zaɓi ta koma garin da zai koma, wanda a nan riƙonta zai ci gaba. Wannan ne hukuncin da iyaye maza suka fi sani, amma da yawa ba su san sharuɗɗansa ba. Dole tafiyar ta kasance ta ƙaura da gaske. Dole garin da za a je ya kasance akwai aminci. Dole hanyar ma ta kasance da aminci ga yaron. Sannan ana rantsar da uban cewa zama zai yi, ba dabarar raba uwa da ɗanta ba ce. Haka ita ma uwa, idan ta ce tafiyarta ta kasuwanci ce ko ziyara, ana iya rantsar da ita.

Waɗannan sharuɗɗa suna da nauyi a yau. Ma'aikacin da aka tura wani gari na shekara biyu ko uku, wanda gidansa da gonarsa da sauran iyalinsa ke Kamba, zai sha aiki kafin ya gamsar da alƙali cewa ƙaura ya yi. Batun aminci kuma ba ƙaramin abu ba ne a Arewa maso Yamma, inda wasu hanyoyi da garuruwa ke fama da ’yan bindiga. Uwar da ta nuna wa kotu cewa inda za a kai yaron babu tsaro ta kawo hujja daga cikin littafin da uban ke kafa hujja da shi.

Malamai sun ƙara da cewa idan riƙo ya kuɓuce wa uwa saboda uzurin da ba ita ta jawo ba, kamar rashin lafiya ko ƙaurar waliyyi, yakan dawo mata idan uzurin ya gushe. Uban da ya tafi da yaro Kano sannan ya dawo da zama Kamba ba zai ci gaba da riƙe shi da hujjar tsohuwar tafiya ba.

Idan aka ɗora ma'aunin a kan taswirar Kamba

Daga Kamba zuwa Gaya bai kai kilomita 40 ba, Malanbil kuma tana tsallaken Kogin Kwara daga Gaya. Garuruwan Ƙaramar Hukumar Bagudo irin su Lolo da Illo da Tsamiya suna dab da ƙasar Benin, inda Segbana ke zama garin farko mai girma. Mutanen waɗannan wurare, Dandawa da Zabarmawa da Hausawa da Fulani da Kyangawa, suna auratayya tun kafin yarjejeniyar Ingila da Faransa ta 1898, da gyare-gyaren da suka biyo bayanta, su raba su ƙasa uku.

A ma'aunin baridi, matar da ta koma Gaya da ’ya’yanta ba ta yi nisan da zai ɗauke mata riƙo ba. Uban na iya zuwa ya gan su ya dawo a wuni ɗaya. Amma ta fita daga inda sammacin kotun Najeriya ke isa.

Matar da ta koma Zuru ko Yawuri kuwa ba ta bar Jihar Kebbi ba, kuma duk hukuncin da kotun jihar ta yanke zai same ta. Sai dai ta haura baridi shida. Sakkwato da Gusau da Kontagora da Minna duk sun haura, ga kuma iyakar jiha a tsakani. Birnin Kebbi, da ke da nisan fiye da kilomita 100 ta hanyar mota, tana kusa da bakin ma'aunin, inda lissafin alƙali da abin da ya gani na maslahar yaro za su yi aiki.

Saboda haka kalmar “wata jiha” ita kaɗai ba ta warware komai ba. Mutumin Jega da ya koma Tambuwal ya sauya jiha amma bai yi nisa ba. Kowane lamari sai an yi masa tambaya biyu: nawa ne nisan, kuma wace kotu ce ke da iko a can?

Wace kotu, kuma ina ikonta ya tsaya?

Ga Musulmin da aka ɗaura aurensu bisa shari'a, ƙarar riƙon yara tana farawa ne a kotun shari'ar Musulunci ta yankin, ta wuce babbar kotun shari'a, sannan Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Shari'ar Musulunci ta jiha da ke Birnin Kebbi. Sashe na 277 na Kundin Tsarin Mulki ne ya bai wa wannan kotu hurumi a kan aure da saki da dangantakar iyali da waliccin ƙananan yara. Daga nan sai Kotun Ɗaukaka Ƙara ta Tarayya, wadda reshenta na Sakkwato ke sauraren ƙararrakin Kebbi da Sakkwato da Zamfara, sai kuma Kotun Ƙoli a Abuja.

Sashe na 287 na kundin ya ce hukuncin kotunan da shi kansa ya kafa ana zartar da shi a ko’ina a tarayya. Akwai kuma dokar tarayya da ta tsara yadda ake kai sammaci da zartar da hukunci daga jiha zuwa jiha. A aikace dai, abin yana cin lokaci da kuɗi: sai an samo kwafin hukunci mai hatimi, an gabatar da shi a kotun can, sannan a nemi taimakon ma'aikatanta da ’yan sanda.

Wani abin da ya kamata iyaye su sani shi ne, ƙa'idar da ta shahara a fiƙihun Malikiyya, wadda dokokin kotuna ma suka yi daidai da ita, ita ce mai ƙara ne ke bin wanda yake ƙara zuwa inda yake zaune. Wanda ya yi shiru har aka tafi da yaran Kaduna, ƙila a Kaduna zai shigar da ƙararsa, ya biya kuɗin mota da masauki a duk zaman kotu. Kafin a gama kuma yaran sun shiga sabuwar makaranta sun saba, alƙali na iya ganin sake tumɓuke su wata cutarwa ce. Lokacin zuwa kotu shi ne kafin a ɗaure kaya.

Ba duk jihohi ne ke da kotunan shari'ar Musulunci ba. Wanda aka kai ’ya’yansa wata jiha ta Kudu zai tarar da kotun majistare ko kotun iyali ko babbar kotun jiha, waɗanda ba sa lissafi da baridi.

Masu auren rajista

Kamba gari ne na ma'aikatan kan iyaka da baƙin ’yan kasuwa daga sassan ƙasar nan, kuma akwai Kiristoci da dama a jihar, musamman a ƙasar Zuru. Waɗanda suka yi aure a ƙarƙashin dokar aure ta ƙasa, shari'arsu tana babbar kotun jiha ne, bisa Dokar Shari'o'in Aure ta 1970.

Sashe na 71 na wannan doka ya ɗora maslahar yaro a sama da komai. Babu wani nisa da aka ƙayyade, babu kuma wanda aka fifita tsakanin uwa da uba tun daga farko. A shari'ar Williams da Williams ta 1987, Kotun Ƙoli ta jaddada cewa riƙo ba lada ba ne ga wanda ya yi gaskiya a rikicin aure, ba kuma horo ba ne ga mai laifi. A shari'ar Odogwu da Odogwu ta 1992 kuma ta nuna cewa ƙaramin yaro ya fi samun natsuwa a wajen uwarsa, sai in an kawo hujjar da ta nuna akasin haka.

Kotu na iya bai wa iyayen biyu riƙo tare, ko ta bai wa ɗaya ta yanka wa ɗayan ranakun ziyara. Idan akwai irin wannan umarni, wanda zai ƙaura da yaro ta yadda ziyarar ba za ta yiwu ba sai ya koma kotun ya nemi a sauya shi. Alƙali zai duba dalilin tafiyar, da makarantar da yaron zai shiga, da wanda zai kula da shi, da yadda zai ci gaba da ganin ɗaya mahaifin, da ra'ayin yaron idan ya yi wayo.

Ɗauke yaro ba da izini ba

Wasu iyaye kan ga kamar ba a yi wa mutum shari'a a kan ɗansa. Uba ya karɓi yara hutun Sallah ya ƙi mayarwa, ko uwa ta kwashe su da asuba ta shiga motar Sakkwato. Idan akwai hukuncin kotu a ƙasa, wannan raina kotu ne, kuma ana iya tsare mutum a kansa.

Dokar Kare Haƙƙin Yara ta tarayya ta 2003, wadda sashenta na farko ya ce maslahar yaro ce abin dubawa na farko a duk wani mataki da ya shafe shi, ta yi tsauri a nan. Sashe na 27 ya haramta cire yaro daga hannun wanda ke riƙe da shi bisa doka ba da son ransa ba. Hukuncin yana hawa ne gwargwadon iyakar da aka ƙetare: ɗaurin shekara 10 idan an fitar da yaron daga jihar, shekara 15 idan an fitar da shi daga Najeriya da niyyar dawo da shi, shekara 20 idan babu niyyar dawowa, da shekara 7 a sauran halaye.

Wannan doka tana aiki kai tsaye ne a Abuja. Jihohi kuwa kowace sai ta yi tata, kuma jihohin Arewa da dama sun yi gyare-gyare domin ta dace da shari'ar Musulunci. A Kebbi, tsohon Gwamna Abubakar Atiku Bagudu ya sanya hannu kan dokar jihar a 2022. Mai shari'a a jihar lafazin dokar jihar zai duba tare da lauyansa. Abin lura dai shi ne, a idon dokar tarayya, tafiyar rabin sa'a zuwa ƙetare ta fi tafiyar kwana guda zuwa Legas girman laifi.

Bayan an tsallaka iyaka

A 1980 ƙasashen duniya suka ƙulla Yarjejeniyar Hague kan yaran da ɗaya daga cikin iyaye ya gudu da su wata ƙasa. Tsarinta shi ne a gaggauta mayar da yaro ƙasar da ya saba zama, kotun can ta yanke hukuncin riƙo. Tana aiki ne kawai tsakanin ƙasashen da suka shiga, kuma Najeriya ba ta ciki. Don haka uban da aka kai ’ya’yansa Gaya, ko uwar da aka kai nata Kandi, ba su da wata hanya ta musamman sai shigar da sabuwar ƙara a can, da harshen Faransanci da dokar can, ko kuma neman sulhu ta hannun dangi da sarakuna.

Dokokin kuma sun bambanta. Nijar ba ta da kundin dokar iyali guda ɗaya. Kotunanta sukan yi aiki da al'adar masu shari'a a lamuran aure da saki da ’ya’ya, tare da masu ba da shawara da suka san al'adar. Benin kuwa tana da kundin dokar iyali tun 2004, wanda auren da aka ɗaura a gaban jami'in gwamnati kaɗai ya amince da shi, kuma bai yarda da auren mace fiye da ɗaya ba. Mai riƙe da takardar kotun shari'a daga Kamba zai iya gabatar da ita a matsayin hujja, amma ba ta ɗaure alƙalin can ba.

Kusancin ma ba abin dogaro ba ne kullum. A watan Agustan 2019 Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa, kuma ba a buɗe ta Kamba ba sai a watan Afrilun 2022. Bayan juyin mulkin 26 ga Yulin 2023 a Nijar an sake rufewa, har zuwa watan Maris na 2024 da Shugaba Bola Tinubu ya ba da umarnin buɗewa. Nijar ta ci gaba da toshe gadar da ke tsakanin Gaya da Malanbil ko bayan an ɗage mata takunkumi, lamarin da ya mayar da jama'a ga jiragen kwale-kwale. A ranar 29 ga Janairun 2025 kuma ficewarta daga ECOWAS ta tabbata. Yarjejeniyar da aka gina a kan cewa yara za su riƙa zuwa duk Juma'a tana iya rushewa da sanarwa ɗaya a rediyo.

Ƙasashen uku dai duk sun amince da Yarjejeniyar Majalisar Ɗinkin Duniya kan Haƙƙin Yara ta 1989, wadda ta tabbatar wa yaro ’yancin ci gaba da hulɗa da iyayensa biyu ko da sun rabu. Hujja ce da lauya zai iya kafawa a kowace daga cikin kotunan.

Yadda wasu ƙasashen Malikiyya suka yi

Ma'aunin baridi an sa shi ne a zamanin da mil 72 ke cin kwanaki a kan raƙumi, kuma manufarsa ita ce kada labarin yaro ya yanke wa waliyyinsa. Wasu ƙasashen da ke bin mazhabar sun sake duba shi bisa wannan manufa.

Kundin dokar iyali na Maroko na 2004 ya ce ƙaurar mai riƙo daga wani gari zuwa wani a cikin ƙasar ba ta ɗauke riƙo, sai idan kotu ta ga dalili bayan ta duba maslahar yaro da halin uba da nisan wurin. Amma ya bai wa kotu ikon hana fita da yaro ƙasar waje ba da yardar waliyyi ba. A Aljeriya, idan mai riƙo na son komawa wata ƙasa da zama, alƙali ne ke yanke ko riƙon ya ci gaba ko ya faɗi, bisa maslahar yaron. Duka biyun sun sassauta a cikin gida, sun tsaurara a bakin iyaka.

Abin da ya kamata takardar sulhu ta ƙunsa

Mafi yawan rikicin ana iya kauce masa tun ranar da ake zaman sulhu, idan aka rubuta abin da aka amince, shaidu suka sa hannu, aka kai kotu ta mayar da shi hukuncinta. Sulhun baka a zauren mai unguwa yana da daraja, amma ba a iya ɗaukarsa a kai wata jiha.

Ya kamata takardar ta faɗi garin da yaran za su zauna, da wa'adin da mai niyyar ƙaura zai sanar da ɗan’uwansa, misali wata biyu ko uku. Ta bambance ziyara da ƙaura, ta kuma faɗi kwana nawa za a iya yi da yara a ƙetare, da sharaɗin rubutaccen izini. Irin wannan izini, tare da takardar haihuwa daga Hukumar Ƙidaya ta Ƙasa, yana kuma kare mai tafiya da yaro daga zargin safarar mutane a shingen jami'an tsaro. Hukumar Shige da Fice ma tana neman takardar amincewar iyaye kafin ta yi wa ƙaramin yaro fasfo.

Ta faɗi yadda za a raba hutun makaranta da Sallah Ƙarama da Babba idan nisa ya shiga, da wanda zai biya kuɗin mota, da wanda zai raka yaran, da ranakun da za a riƙa kiran waya. Ta faɗi adadin kuɗin ciyarwa da hanyar aika shi, domin nisa ba ya sauke wannan nauyi daga kan uba, kuma ba a riƙe shi a matsayin fansar ziyara.

Makaranta ma sai an yi maganarta. Yaron da ke aji huɗu a firamaren Kamba, idan aka mayar da shi Gaya ko Malanbil, zai tarar ana koyarwa da Faransanci, yana iya komawa baya da shekara ɗaya ko biyu. Ko a cikin Najeriya, ƙaura a tsakiyar zango ko dab da jarrabawar kammala firamare ko sakandare tana da illa. Jinkirta tafiyar yaro zuwa ƙarshen shekarar karatu yakan zama matsayar da kowa zai iya karɓa.

Wanda ba shi da halin ɗaukar lauya na iya tuntuɓar ofishin Hukumar Ba da Tallafin Shari'a ta Ƙasa, ko ƙungiyar lauyoyi mata ta FIDA, ko sashen jin daɗin jama'a na ƙaramar hukuma. Wanda kuma ya ji ƙishin-ƙishin za a tafi da ’ya’yansa yana iya roƙon kotu ta ba da umarnin wucin gadi na a bar su inda suke har a saurari ɓangarorin biyu. A gari irin Kamba, inda babur ke fitar da mutum daga ƙasar kafin a idar da sallar Asuba, samun wannan umarni kafin tafiya ya fi sauƙi nesa ba kusa ba a kan dawo da yaro bayan an tsallaka da shi.